Iliyasu Mai Madubi, da Abin da Najaha Ta Faɗa a Bakin Zaure

Jawabin da Isufu Adnan, sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Matameye, ya yi a taron tunawa da marigayi Dakta Iliyasu Muntaka, a ƙofar gidansu.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Mai girma wakilin Firefe, shugaban gundumar Kance. Wakilin mai martaba Sarki, ranka ya daɗe. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin lakwal, makarantunmu na boko, da malaman da suka koyar da mu. Alhaji Ma'u, ƙanen mahaifin marigayi, uban wannan gida a yau. Hajiya Baiwa, mahaifiyarsa. Halimatus Sa'adiya, matarsa, da ƴaƴansu Fahad da Zuhra. Najaha, ƙanwarsa, wadda ba ta fito ba, amma na san lasifikar nan tana kaiwa har tsakar gida. Ƴan'uwa da abokai na Matameye da Dungu da Ɗan Barto, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An zaɓe ni ne don benci ɗaya muka zauna da Iliyasu tun ajin farko har muka ɗauki birbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Ni karatuna a lise, babbar sakandare, ya tsaya. Shi ya wuce Yamai, daga can ya haye ƙasar Turawa. Saboda haka in na yi kuskure wajen bayanin aikinsa, kuskuren nawa ne. Na rubuta wannan jawabi na yage, na sake rubutawa na yage, har yanzu ban tabbata na tsara shi daidai ba.

Abu biyu na zo da su. Na farko, in tuna mana wane ne Iliyasu. Na biyu ya fi nauyi. A garin nan ana cewa Najaha ce ta riƙe yayanta a ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa. Halimatu ta gama takaba, jibi za ta koma da yara, kuma da wannan labarin za ta tafi. Ba haka aka yi ba. Zan faɗi yadda aka yi, amma ku bar ni in fara da mai rasuwa.

Ya kasance yaro mai son leƙe. Muna aji huɗu ya huda murfin gwangwanin tumatir da ƙusa, ya ɗiga ruwa a ramin, ya ce in sa ido. Na sa, sai ga ƙafar tururuwa ta zama kamar itace, har da gashi a jikinta. Na yi ihu. Mushe, malaminmu, ya juyo daga allo ya kama mu, ya ɗaga bulala, sai Iliyasu ya ce, "Mushe, ka duba tukuna, sannan ka doke ni." Mushe ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Daga baya ya doke mu duka biyu, amma da aka tashi ya sa murfin a aljihunsa ya tafi da shi gida.

Ya kasance mai dawowa. Da yawa sun tafi, sai dai mu ga hotonsu. Shi kuwa duk hutun da ya samu yana nan, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya sha fura da ludayin kowa. Maduban ƙara girma da yaranmu suke duba ganye da su a lise, shi ya ɗauko su a jakarsa, tsofaffi ne da aka daina aiki da su can, ya gyara su da hannunsa. Ya tara malamai a lokacin hutu ya nuna musu yadda ake goge gilashin ba tare da an karce shi ba. Na gidan likita da ake duba jinin masu zazzaɓi da shi, ya taɓa yini yana kwance shi yana fitar da ƙura, ba wanda ya sa shi.

Ya kasance ba ya raina tambaya. Ɗalibi ya aika masa da saƙon murya daga ƙauye, zai amsa, ko da tambayar ta ban dariya ce.

Aikinsa kuwa, ban fahimce shi ba sai bara, a tasha, muna shan shayi wajen Gambo direba. Kun san Gambo taubashinsa ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Gambo ya ce, "Kai Iliya, wai da gaske ne duk bokon nan da ka yi a kan ɓera ya ƙare? Ka zo rumbuna, in cika maka buhu, ka huta da shiga jirgi."

Iliyasu ya ce, "Naka ɓerayen ba su da tarbiyya. Halin mai rumbun suka ɗauko."

"To naka fa, sun sauke Alƙur'ani?"

"Nawa taga gare su a ka. Kai naka kan ko an huda, duhu za a tarar."

Da aka gama dariya ya fito da waya ya nuna mana wani hoto mai motsi. Wuri ne baƙi, wasu ƙananan ɗigo kore suna walƙiya suna mutuwa, kamar tartsatsi a maƙera. Ya ce kowane ɗigo ƙwayar jijiya ce guda ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai. An sa wa ƙwayoyin wani sinadari, duk wadda ta yi aiki sai ta yi haske. An cire ɗan guntun ƙashin kai an maye da gilashi. Hasken lazar, wani siririn haske mai ƙarfi, yana bin wurin ɗigo-ɗigo cikin sauri, na'ura tana tattara abin da ya dawo, ordinatar, wato kwamfuta, tana haɗa hoton. Ɓeran kuwa yana nan yana tafiyarsa a kan wani faifai, yana lasar ruwa.

Na ce, "To ai kun gama. Me ya rage?"

Ya ce, "Isufu, wurin nan da kake gani bai fi ƙwayar gero ba. Sashen da ɓera ke gani da shi yana can wajen ƙeya. Sashen da ke motsa ƙafarsa yana gaba. Madubin yana ganin ɗaya ne kawai. Da can sai mu dubi wannan yau, gobe mu dubi wancan, mu haɗa. Amma abin da ɓera ya yi yau ba shi zai yi gobe ba."

Gambo ya ce shi bai ga abin damuwa ba. Sai Iliyasu ya tambaye shi: in mai kalangu yana wannan gefen fili, mai rawa yana wancan gefen, kai kuma ta ramin ƙofa kake leƙe, ko dai ka ga makaɗi ko ka ga mai rawa, ta yaya za ka san wa ke bin wani? Ko mai rawa ne ke bin kiɗa, ko makaɗin ne ke kallon ƙafarta yana canja hannu? Sai ka gan su tare, a lokaci guda.

Ya lissafa mana dabarun da masu wannan aiki suke bi, kuma na riƙe su gwargwadon iyawata. Akwai masu ja da baya su ɗauki saman ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Ya ce wannan kamar ka hau shaton ruwa ne, dogon tankin nan na gari, ranar kasuwa: za ka ga inda jama'a ta yi yawa, amma ba za ka gane fuskar kowa ba. Akwai masu ƙera ƙaton gilashi mai faɗin gani, su sa wani ɗan madubi yana jefa hasken nan da can da sauri. Wannan yana nuna ƙwayoyi ɗaiɗai, sai dai lokacin da hasken yake can, abin da ya faru nan ya wuce ka. Hanyar da shi da abokan aikinsa suka bi ita ce a raba hasken gida biyu, kowane da hannunsa da gilashinsa, ɗaya ya dubi ƙeya ɗaya ya dubi gaba. Rabin hasken sai a sa shi ya bi doguwar hanya don ya makara kaɗan, ƙasa da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba. Da wannan makarar ake gane hasken da ya dawo daga ina ya fito.

Wahalar, in ji shi, gilasan masu kauri ne, kan ɓera kuwa bai fi kan yatsa ba. In ka kawo biyu sai su yi karo. Shekaru ya yi yana neman yadda zai sirantar da su ya karkata su har su zauna tare. Na tambaye shi amfanin abin. Bai cika mini baki ba. Ya ce, "Cututtuka irin su farfaɗiya ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba, daga wani sashe suke tsallakawa wani. In mun ga yadda sassan ke magana da juna, wataƙila wani bayanmu ya samo magani. Ni dai madubi nake ƙerawa. Ko allura ban iya ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ya sha faɗa mana ita. Duk zuwansa, mutane kan cika zauren nan da masu ciwon kai da masu shanyewar jiki, yana ba su haƙuri yana tura su gidan likita. Mu kuwa muna cewa tawali'u ne. Mutumin da ke kallon cikin ƙwaƙwalwa a ce bai san ciwo ba?

Yanzu na zo inda nake jin nauyi.

Zuwansa na ƙarshe cikin bazara ne, mu muka gayyato shi. Ƙungiyarmu ta shirya za ta karrama shi a filin lise. An kafa rumfuna, an sayi rago, an aika wa manya takardar gayyata, yara sun yi mako suna koyon waƙa. Halimatu da yara suna can ƙasar Turawa, makarantarsu ba ta yi hutu ba. Ana saura kwana kaɗan taron, zazzaɓi ya kama shi da ciwon kai.

Muka yi abin da muka saba. Muka zo dubiya, muka cika zaure. Ana fito da shi ya jingina da bango, kowa ya ce, "Ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." Wa ya taɓa jin marar lafiya a ƙasar nan ya amsa da wani abu daban? Mun ji mutane sun ce da sauƙi da safe, da la'asar mun kai su makwanci. Mun san haka sarai. Amma da yake daga bakin Iliyasu ta fito, sai muka ɗauke ta kamar sakamakon gwaji.

Ni na ga yana kare idonsa da hannu duk lokacin da aka ɗaga labule, na ce gajiya ce. Gambo ya gaishe shi daga gefe, ya ga sai da ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kafin ya dube shi, har ya tsokane shi da cewa wuyan Turawa ya sayo. Malam Idrisa, limamin masallacin unguwar nan, ya ga ya kasa sunkuyawa ya yi sujada, ya ba shi fatawar yin salla a zaune. Kowannenmu ya ga nasa, ya riƙe a cikinsa. Ba wanda bai san sanƙarau ba a wannan yanki. Da ɗayanmu ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, na biyu ya ɗora nasa, da mun kira sunan ciwon tun a tabarmar.

Mutum ɗaya ce ta gane. Ana gobe taron, bayan la'asar, Najaha ta zo bakin ƙofar da ke shiga zaure daga cikin gida. Ba ta shigo ba, tunda maza ne a ciki. Ta durƙusa daga nan ta ce, "Baba Alhaji, don Allah a kai Yaya likita yanzu. Wannan ba zazzaɓin sauro ba ne. Duk abin da na ba shi amai yake yi, kuma wuyansa ba ya lanƙwasuwa."

Alhaji ya ce, "Ke Najaha, mutumin da ƙwaƙwalwa ce sana'arsa, ke za ki gaya masa abin da ke kansa? Shi da bakinsa ya ce da sauƙi."

Muka yi dariya. Wani ya ce mata akwai son tayar da hankali. Ni kuma na ce, "A bari a gama taron gobe, in bai warware ba sai a kai shi." Na faɗi haka ne ina tunanin rumfuna da manyan baƙi.

Ta tashi ta koma. Ta aika wa Gambo ya kawo mota ta ƙofar baya, ya ce ba zai tsallake maganar Alhaji ba. Da safe ta sake tare mu a bakin ƙofa muna fita da kujeru. Muka ce mata sai mun dawo.

Muna fili, yara suna waƙa, kujerarsa babu kowa, aka zo aka ce Iliyasu bai gane Hajiya ba. A nan ne muka ruga. Gidan likita na nan suka yi abin da za su iya suka tura mu Damagaram. Likitan can ya duba shi ya ce sanƙarau ne, kuma an makara. Ya tambaya, "Wa ke jinyarsa?" Muka ce, "Ƙanwarsa." Sai ya girgiza kai. Washegari Iliyasu ya cika.

Ba mu yi ƙarya ba, ita ke jinyarsa. Amma wannan amsa da wannan girgiza kai sun riga gawar isowa Matameye. Kafin a yi sadakar uku, labari ya zama Najaha ta rufe shi a ɗaki tana ɗura masa jiƙo. Halimatu ta sauka ta tarar da labarin a bakin mata, ba wanda ya gaya mata wani abu daban. Watannin takabar nan duka, gida ɗaya suke kwana, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Najaha ta daina zuwa suna da biki. Ba ta kare kanta ba, don kare kanta yana nufin ta tona asirin ƙanen ubanta a gaban suruka. Mu da muka cika zauren nan ranar, muna ji, muna wucewa. Kullum sai in ce gobe zan yi magana.

Malamaina, na san ajali ba ya jira kuma ba ya gaggawa. Ko da mun kai shi a ranar, Allah kaɗai ya san abin da zai faru, ban zo in yi jayayya da ƙaddara ba. Amma sunan Najaha ba ajali ne ya ɓata shi ba, shirunmu ne. In na yi kuskure a nan ku gyara mini.

Jiya na je wajen Alhaji Ma'u, don ba zan ambaci sunan uba a bainar jama'a ba da izninsa ba. Na zauna ina kewaye-kewaye. Ya ce, "Isufu, tun kana yaro ba ka iya zuwa kai tsaye ba. Maganar yarinyar nan ce?"

Na ce, "Ita ce, Baba. In ka yarda zan faɗa ba tare da suna ba. In ce wani dattijo."

Ya ce, "Wane dattijon? Dattijo nawa ne a zauren? Ka ce Ma'u. Ita ke kawo mini ruwan alwala kullum, na kasa ɗaga ido in dube ta. Ni bakina ya yi nauyi, kai ka faɗa, ni zan tashi tsaye."

Halimatu, ke nake wa magana yanzu. Kin bar mijinki ya zo mana da ƙafarsa, ba mu mayar miki da shi ba. Fushinki yana da dalili, amma ba a kan Najaha ya kamata ya sauka ba. Ita ce kaɗai a gidan nan ta nemi a cece shi, har sau uku ta nema. Ga mu, ki dube mu da kyau. In kin tafi jibi, ki tafi da labarin yadda yake.

Fahad, Zuhra, babanku ya yi aikin da garin nan zai daɗe yana alfahari da shi. In kun girma za ku fi ni fahimtarsa. Abin da nake so ku riƙe daga bakina shi ne gwaggonku ba ta yi sakaci da shi ba.

Hajiya, kin rasa ɗa, sannan muka bar ki kina kallon ƴarki tana ramewa a gabanki. Ki yafe mana.

Najaha. Ba mu ce ki fito ba, ba mu kuma ce ki yafe yau ba. Haƙƙinki ne, ki riƙe shi har lokacin da kika ga dama. Kin faɗi gaskiya a durƙushe, muka yi miki dariya a zaune. Yanzu ina roƙon duk wanda yake cikin zauren nan a waccan la'asar ya miƙe, jama'a su gan shi.

Alhaji ya riga kowa. A kama masa hannu. Gambo, na gan ka. Malam Idrisa, Allah ya saka. Akwai saura, na san fuskokinku, ba zan kira suna ba. Za mu jira.

To, madalla. Mata da ke kusa da ƙofa, ku shiga ku gaya mata su wa da wa ke tsaye. Duk wadda ta taɓa kai wancan labarin wani gida, ta kai wannan ma can.

Muna godiya ga manyan baƙi da suka bar aikinsu suka zo, da malaman da suka yi sauka tun safe, da waɗanda suka taso daga ƙauyuka, da matan da suka tsaya a kan tukwane. In na ɓata wa wani rai, ya yi haƙuri.

Kada mu zauna, mu ɗaga hannu a haka. Ya Allah, ka jiƙan Iliyasu ɗan Muntaka. Ka yalwata kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isar masa da lada. Ka raya Fahad da Zuhra, ka shirye su. Ka ba Hajiya da Halimatu haƙurin rashi, ka kai matafiya gida lafiya. Ya Allah, abin da ke tsakaninmu da kai, kai mai gafara ne. Abin da ke tsakaninmu da Najaha kuwa, mun san ba ka yafe haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe. Ka sanyaya zuciyarta, ka ba mu tsawon ran da za mu ji daga bakinta. Amin.